Kwanon Kaka Ladi a Jidda

To jama'a, kun ci ni da tambaya. Tun ranar da na sauka Kano wayata ba ta huta ba. "Habila yaya Jidda?" "Habila ina tsarabata?" "Habila da gaske sun bar Kirista ya shiga?" Har wani ɗan ajinmu, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, ya turo wai in faɗa masa tsakani da Allah ko sunan Habibu na ara a fasfo. Baaba, da sunana na je, da sunana na dawo. Yau babu lakca, an kawo wuta, waya ta sha caji ta ƙoshi, don haka ga labarin gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, data zai saya mini.

Ga waɗanda ba su da labari: mu biyu sashenmu ya tura, ni da Mubarak abokin ɗakina, gasar ɗaliban injiniya kan na'urar tace ruwan gishiri. Kwana shida. Na huɗu muka zo, kuma ni a wajena na huɗun nan kofi ne, don famfon injinmu ya yi tari sau biyu a gaban alƙalai bai mutu ba. Amma ku ajiye gasa gefe. Ainihin labarin na kakata ne.

Kaka Ladi ita ta haifi babana. Tana ƙauyenmu can bayan Malumfashi. Idonta ya yi rauni sosai, amma bakin nan, tab, yana nan da cajinsa. Su biyu ne a ɗakin uwarsu, ita da wanta Tanko. Babansu bai yi salla ba, bai je coci ba, abin kakanni ya bi har ya koma. Tanko ya tafi birni ya musulunta, ita kuma ta zama Kirista lokacin da ta auri kakana. Daga baya Tanko ya bi motocin alhazai ta Chadi da Sudan, shi ke nan, fiye da shekara hamsin ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Wasiƙa ɗaya tak ya taɓa aikowa, tun babana yana firamare. Ya gaida kowa a cikinta, har da maƙwabta, amma babu sunanta. A bayan ambulan an rubuta: Tanko mai ɗinki, Karantina, Jidda.

Da na je yi mata sallama, ta laluba fuskata ta ce, "Maigida, ashe za ka tafi ka bar ni, ka je ka auro Balarabiya."

Na ce, "Ai ke ce uwargida, ita wanke-wanke za ta yi miki."

Ta yi dariya. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado: kuka, daddawa, garin kunu da tsamiya. Ta ɗora wasiƙar a kai. Ta ce, "Ba dabinonsa nake so ba, ba zanensa nake so ba. Ka dubo mini kawai, ko har yanzu ina da wa. In ina da shi in sani, in ba ni da shi in sani, kafin a rufe ni."

Sannan ta miƙo wani tsohon kwanon sha, fari mai shuɗin baki, duk ya ɓantale. Ta ce, "In sun kawo abinci ka miƙa wannan a zuba maka. Kada ka sa su jin nauyi. Haka gidansa yake."

Ni ban ga wani abu a ciki ba. Mun san wannan harkar a gida. Akwai gidajen dangi da in ka je ka san kofinka daban ne, ba a faɗa, ba a tambaya, kai ma sai ka basar. Na cusa kwano cikin jaka tsakanin safa da caja.

Wani abu kuma da na tafi da shi, wannan a ka yake ba a jaka ba. Satin da zan tafi an yi zazzafar muhawara a zumuntarmu ta ɗalibai kan ƙaddara: shin tun fil'azal Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira? Aka yi ta jan aya har aka kusa rasa abincin rana. Ni abin da ya tsaya mini a wuya Kaka ce. Tun ina yaro, kullum da safe sai na ji ta ambaci Tanko a addu'a. To in an riga an rubuta an rufe, shekara hamsin tana ƙwanƙwasa ƙofar da aka kulle ke nan?

Jirginmu daga Kano cike yake da masu zuwa umara. Ni karona na farko ke nan a sama, na yi fuska kamar kullum a can nake kwana. Muna kusa da sauka sai na ga maza suna ta shiga bayi suna fitowa da farin harami. Wani dattijo da ke gefena ya zungure ni: "Kai yaro, tashi ka ɗaura, an kusa wuce wurin!"

Na ce, "Baba, ni ba umara zan je ba."

"To me za ka je yi?"

"Tace ruwa."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Duk ruwan da ke Najeriya ka gama tace shi?" Mubarak ya kusa faɗowa daga kujera. Can da jirgi ya shiga gargada, dattijon nan ya damƙe hannuna yana salati, ni ma ina tawa addu'ar a zuci, babu wanda ya tambayi wani katin shaida. Da muka sauka ya ce in riƙe masa jaka har layin biza.

Biza lafiya lau, hoto, yatsu, tambari, shap-shap. A wajen duba kaya ne ta so ta kwaɓe. Na'ura ta hango ƙunshin Kaka. Jami'in ya kwance ledar kuka, ya ga koren gari, ya dube ni. Na sha jinin jikina. Sai ya buɗe ta daddawa. Jama'a, mutumin nan ya ja da baya taku biyu kamar an mare shi! Larabcina kaf bai wuce "shukran" ba, Mubarak kuma Larabcinsa na Islamiyya ne, ya tsaya yana neman yadda ake cewa ɗorawa. Allah ya kawo wani bawan Allah mai tura amalanken kaya, mutumin Chadi, ya leƙo ya ce da Hausa, "Kai, daddawa! Ta ina ce?" Ya juya ya yi wa jami'in bayani yana nuna baki yana lashe yatsa. Jami'in ya toshe hanci ya ce, "Halas, halas, yalla!" Wato shi ke nan, kwashe ka yi gaba. Na gutsura wa mutumin Chadi ƙwaya biyu, ya sa a aljihun gaba kamar turare.

Muna fitowa waje tabarauna ya yi hazo. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, namu gashi ne, nasu turara ne, kamar an sa ka a madambaci. Masaukinmu a wajen Ruwais yake, kusa da teku, hawa na tara. Can kuma esi kamar firjin kifi, da rigar sanyi na kwana a ƙasar Larabawa, ku ji fa. Ranar farko na murɗa wani ɗan tiyo a banɗaki don in ga aikinsa, ya wanke ni tas da kayana har silin. Ɗan injiniyan ruwa ke nan.

Kyanwoyi kuwa sun fi awakin Samaru yawa, kuma ba sa gudun mutum, kai za ka kauce musu. Karin safe ful ne da tamis, wato dafaffen wake da aka dama da wani faffaɗan burodi mai zafi, ya haɗu ba ƙarya. Sai gahawa. Ana ba ka a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ni da aka koya mini ba a raina kyauta, ina shanyewa ina miƙa kofi, mai zubawa yana sake cikawa. Sai da na sha bakwai, zuciyata tana kiɗan kalangu, sannan wani ya tausaya ya ce in girgiza kofin, shi ne alamar na ƙoshi. A gida in ka girgiza wa mai shayi kofi ai ƙari kake nema.

Ranar Juma'a ce ranar hutunmu. Mubarak ya shirya tun asuba zai tafi umara, murna kamar ya tashi sama. Ya tsaya a ƙofa da haraminsa yana sosa ƙeya, wai ba ya jin daɗin barina. Na ce, "Malam, wuce. Kowane gida da ƙa'idarsa, ni iyakata Jidda. Ka dai sa mu a addu'a, har da famfon." Ya ce, "Kai ma ka samo tsohon nan." Muka tafa.

Direban da ke kai mu wajen gasa, Isufu, mutumin Maraɗi ne, shekararsa goma sha a can. Na nuna masa ambulan. Ya karanta ya ce, "Karantina? Ai mon ami, Karantina ta tafi." Ban gane ba sai da ya kai ni. Fili ne fetal. An rushe unguwar, sai ɓaraguzai nan da can da iska. Isufu yana nuna mini da hannu: nan kasuwa take, nan masu tsire, nan ya fara kwana da ya zo. Ni kuwa ina tsaye da ambulan a hannu ina kallon fili. Me zan je in ce wa Kaka? Na samo adireshi amma gari ya tashi?

Isufu ya ce in kwantar da hankali, gini aka rushe, ba a rushe guruf ba. Ashe 'yan tsohuwar unguwar suna da guruf a waya. Ya danna ya yi magana: ana cigiyar Tanko mai ɗinki, mutumin ƙasar Katsina, jikansa ya zo daga Najeriya. Kan ka ce kwabo saƙonni suka fara shigowa. Wata ta ce ya rasu. Wani ya ce ƙarya ne, wancan Tanko mai wanki ne. Wata tsohuwa ta yi minti uku tana ba da labarin rigar da ya ɗinka mata ta yi mata kaɗan. Can sai ga muryar wani saurayi, Hausarsa tana tafiya da sanda: "Ana Khalid, sunana Khalid. Tanko jaddi ne, kakana. Muna Mada'in Fahad. Ku zo bayan salla, akwai gada." Isufu ya ce gada abincin rana ne, kada in sa rai da naman daji.

Khalid sa'ana ne, a Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi uwarsa. Yana jin Hausa tsaf, amma in zai yi sai ya fara da ita ya ƙare da Larabci. Ya rungume ni a bakin ƙofa yana "ahlan, ahlan, ɗan'uwa," ya ja ni sama. A falo na tarar da tsohon, dogo siriri, farin gemu, yana zaune a ƙasa ya jingina da matashi. Jama'a, hancin Kaka ne sak. Har yadda yake karkata kai in zai saurara.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗan wa?"

Na ce, "Jikan Ladi ne, Baba. Sunana Habila."

Ya maimaita sunan a hankali, "Habila." Ya san irin gidan da ake sa wannan suna. Ya tambayi damina, ya tambayi wata rijiya, ya tambayi mutanen da duk sun mutu kafin a haife ni. Ya shinshina daddawa ya lumshe ido. Amma bai ce yaya Ladi ba. Ina lura, ina ƙirgawa.

Sai aka shimfiɗa leda a ƙasa, Khalid ya shigo da wani faranti kamar murfin rijiya, shinkafa tsauni guda da naman rago a kai. Mu huɗu, har da Isufu da aka hana tafiya. Kowa ya wanke hannu ya matso. Ni kuma, ɗan ladabi, jikan Kaka, na zuge jaka na zaro kwanona na miƙa wa Khalid da hannu biyu, na ce ya ɗan zuba mini a nan.

Isufu ya janye hannunsa daga faranti.

Khalid ya dubi kwano, ya dube ni. Ya ce, "Lesh? Don me? Mu ƙazamai ne?"

Na ce, "A'a wallahi, ba haka ba ne, ni ne dai..."

"Ka zo gidanmu da kwanonka? Aib, ya akhi! Abin kunya!" Idonsa har ya kaɗa.

Kafin in haɗa wata magana tsohon ya miƙo hannu ya karɓi kwanon. Bai dubi cikinsa ba, kifa shi ya yi. Ya sa babban yatsa yana shafa gindin. Sai a lokacin na lura akwai zane uku a wurin, an ƙarce su da ƙarfe. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya shige ciki da kwanon, ya ja ƙofa.

Na ce a raina shi ke nan, Habila ka zubar. An aiko ka neman wa, ka zo ka kore shi da hannunka.

Isufu ne ya shiga tsakani. Ya yi wa Khalid bayani rabi da Larabci, cewa a wasu gidaje a ƙasarmu haka ake yi, in addini ya bambanta sai a ware kwano, yaron nan girmama su ya yi, ba ƙyama ba. Khalid ya saki baki. Ya ce shi ya ci da ɗan Filifin, ya ci da ɗan Indiya a wajen aiki, bai taɓa tambayar kowa ba. Sai kuma ya ce amma jaddi ya taɓa ba shi labari, lokacin da ya zo sabo yana ɗinki a wani gida, kofinsa a kan taga ake ajiyewa, ba ya shiga cikin kofuna. Shi ya sa a gidan nan ba a ware wa kowa komai, ko mai kawo gas ne. Doka ce.

Shinkafa tana ta hucewa, babu mai taɓawa. Can ƙofa ta buɗe. Tsohon ya dawo ya zauna, kwanon a cinyarsa, idonsa ja.

Ya ce, "Ta gaya maka wanda ya yi zanen nan?"

Na ce a'a.

"Ni ne. Da ƙusa. Ranar da ta dawo gida da addininta, na ce wa innarmu a ware mata wannan, na yi masa alama don kada ya ɓace cikin kwanuka." Ya ja numfashi. "Ka san abin dariyar? Ni kaina a lokacin ban fi shekara biyu da musulunta ba. A gidan da nake karatu a birni ana ce mini ɗan arna, ana zuba mini a wani kwano daban. Abin yana ci mini rai. Da na samu wadda zan yi wa, sai na yi mata. Na zo nan kuma aka ajiye mini nawa a taga."

Sai ya juyo gare ni. "Ku a wajenku babu irin wannan?"

Na ce, "Baba, akwai. Ai rigimar farko da aka yi a addininmu ma kusan a kan kwano aka yi ta."

Ya karkata kai irin na Kaka. "Ina ji."

To nan fa muhawarar zumunta ta yi mini rana. Na ce masu bi na farko duk Yahudawa ne, da dokokinsu na abinci da na tsarki. Sai baƙi suka fara shigowa, Romawa, Girkawa, waɗanda ake kira Al'ummai, mutanen da iyayensu gumaka suka bauta wa. Aka rasa yadda za a yi da su. Wasu suka ce sai sun zama Yahudawa tukuna. Wasu suka ce to a karɓe su, amma ban da cin abinci tare. Har wani babba cikin manzanni, yana cin abinci da baƙin nan lafiya lau, da ya ga manya sun zo daga hedikwata sai ya zame ya koma gefe. Wani manzon ya tsare shi a gaban jama'a ya wanke shi tas.

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Ya kyauta. Sai aka yi yaya?"

"Aka yi taro, aka ce kada a ɗora musu kayan da ba a ɗora musu ba. Aka ci tare. Har aka ce ai tun farko Allah ya nufa su ma za su shigo, na cikin gida ne ba su sani ba."

Ya juya kwanon a hannunsa. Ya ce, "Wato ƙaddarar tana nan tun tuni, masu gadin ƙofa ne ba su da labari."

Na ce, "Kusan haka, Baba."

"'Ya'yan masu gumaka." Ya nuna ƙirjinsa. "Ai mu ke nan, ni da ita. Daga tsakar gida ɗaya muka fito, kowa ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya ƙwanƙwasa." Ya gyara zama. "Ka ji, yaro. Ni ina kan addinina, a kansa nake roƙon in cika. Kullum ina roƙa mata shiriya, ban taɓa fashi ba."

Na ce, "Ita ma kullum da safe sai ta kira sunanka."

Ya ɗago da sauri. "Da sunana?"

"Tanko ɗan Inna, haka take cewa."

Ya rufe fuska da hannu ɗaya. Da ya sauke ya ce, "Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ni da na ce ƙaddararta ta riga ta faɗi, na hatimce, na cire sunanta a wasiƙa, wa ya nuna mini shafin? Rubutu yana wurin Mai rubutu. Ni ƙusa kawai aka bar mini, ka ga abin da na yi da ita."

Sai ya ɗaga murya ya kira 'yarsa, mahaifiyar Khalid, ya ce a dama kunun tsamiyar nan da aka kawo, yanzu-yanzu. Ya dube mu ya ce, "Ku kuma kuna kallon shinkafa kamar talabijin. Bismilla. Habila, matso nan kusa da ni." Na sa hannu a faranti ɗaya da su. Ya yago tsoka ya tura gabana. Khalid ya ga yadda nake cura loma ya ce ashe 'yan Najeriya injin ne. Na ce ai bai ga komai ba, yau kunya nake ji.

Da kunu ya iso, cikin kwanon Kaka aka zubo shi, shi ya ce a yi haka. Ya ce, "Kira ta."

Kaka ba ta da waya, sai ta Mama, kuma sabis a ƙauyenmu sai an je gindin tsamiyar bakin coci. Na kira sau huɗu. A na biyar Mama ta ɗauka, na ce ta kamo hannun Kaka su fita, kada ta tambaye ni komai. Muka jira, hoto yana rawa, ina ganin sama, ina ganin ƙafar akuya. Can sai ga fuskar Kaka ta cika waya, ta kawo ta dab da hanci.

"Maigida? Ba na ganin komai fa, sai inuwa."

Tsohon ya karɓi wayar. Na ga ya dubi kwano. Sai ya ƙwanƙwasa gefensa da zoben azurfarsa, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ya kai baki, ya ja kunun nan da ƙarfi, fuuut, yadda ko na bayan coci zai ji.

Kaka ta kasa kunne. Ta ce, "Wane ne wannan yake shan abu kamar raƙumi?"

Ya ce, "Ladi, ni ne. A kwanonki nake sha."

Mama ce na ji ta fara kuka a gefe. Sai muryar Kaka, a hankali: "Yaya Tanko. Ka tsufa, muryarka ta zama ta Baba."

"Ki yafe mini, Ladi."

"Ka shanye tukuna, kada ya huce. Tsamiyar ta bayan ɗakin Inna ce, tana nan ba ta mutu ba."

Ya sake kurɓa, hawaye yana sauka cikin gemu. Ya miƙo mini na sha, na miƙa wa Khalid, Khalid ya sha ya yamutsa fuska don tsami, ya miƙa wa Isufu. Su kuwa tsofaffin nan suka ɓalle da hira, wa ya mutu, wa ya haifi wa, har suka koma musu kan wata akuya da ta ɓata tun kafin a haifi babana, kowa ya ce ɗayan ne ya bar ƙofa a buɗe. Datata ce ta raba su.

Da zan tafi na miƙa hannu zan ɗauki kwano, tsohon ya buge mini hannu. Ya ba Khalid ya ce a wanke a kife shi cikin kwanukan gida, a tsakiya. Ya ɗauko kofin da shi kansa yake shan ruwa da shi, ya naɗe a hirami ya ce in kai mata. Khalid ya raka ni har mota, ya karɓi lambata, ya ce in koya masa Hausar zagi tukuna, sauran ta biyo baya.

Mubarak ya dawo da yamma da kansa a aske ƙwal, fuska tana sheƙi. Ya ce, "Yaya?" Na ce, "Ina da kaka a Jidda." Ya daka tsalle a kan gadon otal har ya kusa taɓa silin.

Ranar da na koma ƙauye na ba Kaka kofin, ta shafa shi ciki da waje, ta kifa ta laluba gindin. Ta ce babu zane. Ta sa aka zuba mata ruwa ta sha. Na matsa kusa na ce, "Uwargida, tsakaninki da Allah, kin san abin da kwanon nan zai yi, ko?"

Ta ce, "Ni? Ni kwano na ba ka don kada ka sa mutane jin nauyi."

Na ce, "To addu'ar shekara hamsin fa? In da an riga an rubuta ba zai waiwayo ba?"

Ta ce, "Kai da karatunka. Ni an ce in roƙa, ba a ce in leƙa ba."

Ga shi nan, 'yan zumunta, ku ɗora a kan muhawararku, ni dai ban da abin ƙarawa. Yanzu duk Juma'a da la'asar Mama tana jan Kaka zuwa gindin tsamiya ta yi waya da wanta, kuma har yau ba a gano wanda ya bar wa akuyar ƙofa ba. Masu tambayar tsaraba, dabino ya ƙare tun a tasha, ku yi haƙuri. Kwanon kuwa yana can Mada'in Fahad a tsakiyar kwanuka, ba biza, ba iƙama, kuma Khalid ya turo mini jiya cewa jaddi ya hana kowa shan kunu a wani abu in ba shi ba.